Ƙashin Jakin da Na Rataya wa Yayana

Abin da ya sosa mini wannan tsohon miki wata mota kat-kat ce da ta tsaya a bakin lungunmu da hantsi, ina zaune a zaure ina yankan fata. Samari huɗu suka sauko, rawuna har ido, za su Cibarakaten neman zinariya. Suka gaishe ni a tsaitsaye, ɗaya ya ce, "Kaka, wurin baiwar Allah muka zo." Baiwar Allahn da suke nufi jikata ce, Gaishita, ɗiyar autana Attahir. Shekararta tara, amma maganarta ta ƴar shekara huɗu ce, kuma abin da za a nuna wa wani yaro sau biyu ita sai an nuna mata sau hamsin. Uban ya fito da ita yana washe baki. Suka kwance tsumma suka fid da apare ɗinsu, sandar nan da ake shafa ƙasa da ita ta yi ƙara in ta ji zinariya, suka ce ta ɗora hannu ta ce Allah ya ba da sa'a. Ta ɗora, ta ce. Suka cika mata tafi da alawa suka tafi. Daga bayan katanga ana jin sa'o'inta a lakwal, makarantar boko, suna maimaita karatu da ƙarfi, ita kuwa tana tsaye a ƙofa alawa na narkewa a hannunta, don wata biyu ke nan ubanta ya fid da ita daga lakwal ɗin.

Na ce, "Attahir, wace irin sana'a ce wannan ka samo wa yarinya?"

Ya ce, "Haba Inna, albarka fa suke nema. Irin su Gaishita na Allah ne, ko zunubi ba a rubuta musu. Me za ta yi da lakwal? Madam ɗinsu ma ta ce ba ta bin sahu, cika wuri kawai take."

Na Allah ne! Wallahi maganar nan ta fi zagi ƙona mini rai. Mu sauran na wane ne? Shekara sittin da ɗoriya ina jin ta a garin nan, kuma ban taɓa jin an faɗe ta ba sai a ranar da ake shirin hana mutum wani abu.

Agadas ɗin da na buɗe ido a cikinta ba ta da wannan kukan moto da ke hana mutum jin abin da maƙwabcinsa ke faɗa. Ladan zai kira daga hasumiya, muryarsa ta kai bakin kori, rafin bayan gari, ba da wata na'ura ba. Daga nan turame su ɗauka gida-gida, har kana iya gane matar da ta makara da jin tabaryarta. Raƙuman ayarin gishiri na gurnani a bayan gari, jakunan Dabaga na shigowa da kayan lambu, maƙeran azurfa na ƙwanƙwasa ƙananan gudumominsu har azahar. Innarmu badukiya ce, gidanmu kullum warin jima da bagaruwa. Ni aikina jan ruwa, dakan bagaruwa da murza jijiyar ɗinki, in na yi lalaci na sha dunguri. Mu uku aka haifa: babban wanmu mai kaifin kai, wanda Baba ke ji da shi, sai Sidi, sai ni auta. Sidi ya girme ni da shekara biyu, amma tare muka fara tafiya, kuma na riga shi magana. Harshensa na da nauyi, abu ba ya shiga kansa da wuri. Sai dai in ya shiga ya shiga ke nan. Duk awakin unguwarmu ya san su, in garke ya dawo da maraice shi ke tsayawa bakin lungu yana raba su, wannan ta gidan wane, waccan ta gidan wance, bai taɓa kuskure ba. Masu hankalin unguwa ba wanda ya iya wannan, amma ba wanda ya kira shi ilimi. Abu guda Inna ta dage a kai har ya zauna masa. Takan riƙe haɓarsa ta ce, "Sidi, ko ba ka iya komai ba, in an gaishe ka ka amsa. Ɗana ba zai bar mutum da gaisuwa a baki ba." Shekara guda cur ta yi tana fama, har ya zama ko jinjiri ya ɗaga masa hannu sai ya ce lafiya lau.

A lokacin ba roƙo ake a ɗauki yaro lakwal ba, gudu ake. Ɗan saƙon mai unguwa zai zo da wani mushe, malamin lakwal, riƙe da ƙaton littafi, kowane gida a ba da yaro ɗaya. A sa yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa, in ya taɓo ya isa. Ranar nan yara sai su ɓace, wasu a naɗe su cikin tabarma, wasu a tura su lambu wurin dangi. Mutane na ganin yaron da ya shiga lakwal an rasa shi. To Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya kuma yafe masa, sai ya duba cikin ƴaƴansa ya ga wanda in an rasa ba a yi asara ba. Ya jawo Sidi daga bayan randa ya ce, "Ga namu." Ba shi kaɗai ya yi wannan dabara ba, gidaje da yawa haka suka yi, har ana tafawa a dandali wai an yi wa masu littafi wayo. Inna ta ɗauko kayan dukancinta. Ta zauna ta ɗinka masa jakar jan fata mai kore a baki, hawaye na ɗiga kan basilla.

Abin da ba wanda ya zata, Sidi ya so lakwal kamar ransa. Kafin kowa ya tashi ya rataya jaka yana jira a zaure. Mushensu wani dattijon Bazabarme ne mai furfura, mai sanyin hali. Ya lura yaron nan ba ya manta lokaci, sai ya ba shi aikin buga ƙarfe, tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiya, ana buga shi a shiga a kuma buga a tashi. Kai, ku zo ku ga Sidi da guduma, ƙirji a gaba! Sunayen ƴan kilas ɗinsu kaf ya haddace su a jere, in mushe ya tsallake wani wajen kira sai Sidi ya ɗaga hannu ya tuna masa. Da shekara ta biyu ta kusa ƙarewa ya rubuta harafin farko na sunansa. Ya taho da ardwaz ɗin, allon rubutunsu, gida a kan tafukansa biyu kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, don kada allin ya goge. Baba ya duba ya ce, "Shekara biyu, maciji ɗaya." Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Can dai direkta ya gane abin da gidanmu ya yi, ya ce a kawo wani yaron. Babban wanmu ya riga ya bi ayari, sai aka miƙa ni. Aka zaunar da ni a gaba, Sidi na baya kusa da tulun ruwa, kilas ɗaya. Cikin wata guda na wuce shi. Kuma tunda yau gaskiya na zauna faɗa, kunyarsa nake ji. In yara sun tambaye ni, "Wancan wanki ne?" sai in yi kamar alli ya faɗi mini in duƙa nema.

Aka canza wa dattijon nan gari, aka kawo wani matashi mai takalmi mai ƙwas-ƙwas. Shi ya zo mana da sambol. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah ya raba su da shi. Ƙashin muƙamuƙin jaki ne aka huda aka zura wa igiya. Duk wanda aka ji ya yi Hausa ko Buzanci a harabar lakwal sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya kasa kunne har ya kama wani ya sauke masa. Wanda aka tashi ƙashin na wuyansa, bulala biyar a gaban kowa. Ba a yi sati ba yara suka gano hanya mai sauƙi. In yamma ta yi, mai ƙashi zai ɓoye shi a baya ya je wurin tulu ya ce, "Sidi, ina wuni?" Kuma ɗan Inna ba ya barin mutum da gaisuwa a baki. "Lafiya lau," sai igiya a wuya. Shi mai gaisuwar ba wanda ya kama shi, tunda dukansu bakinsu ɗaya. Da farko har murna Sidi yake, ya zo gida yana ce wa Inna yara duka suna gaishe shi. Mushe ya san abin da ake yi, wallahi ya sani, idonsa biyu. Amma doka ta ce mai ƙashi, to ga mai ƙashi. Kullum, kullum, har bayan Sidi ya yi ruɗu-ruɗu, Inna na shafa masa man shanu tana tsine wa lakwal. Baba ya ce bawan Allah ne, ba ya jin zafi kamar mu. Tir! Ni da ke kwana ɗaki ɗaya da shi na san yadda yake kwanciya rub da ciki.

Ni na ɗauki aikin warware abin da Inna ta ɗaura. Kowace safiya a hanya sai in tsayar da shi in ce, "Yaya, a lakwal in sun gaishe ka, ka toshe bakinka da hannu. Nuna mini." Sai ya toshe. In ce, "Sidi, ina kwana?" sai ya saki hannu ya amsa. Mu sake. Mun fi wata muna wannan. Ranar da abin ya shiga kansa ya tsaya a tsakiyar lungu ya ce, "Har ke, auta?" Na ce, "Ni ba zan yi maka haka ba." Daga ranar yara suka rasa yadda za su yi da shi. Su gaishe shi, ya danne baki da hannu biyu, hawaye na zuba don ya ƙi amsa wa mutum, amma bai amsa ba. Sati biyu ba a dake shi ba. Bayansa ya fara warkewa.

Sai wata yamma, saura kaɗan a tashi, wata yarinya ta take mini yatsa. Na ce, "Wayyo ƙafata!" Shi ke nan. Ashe ita ke da ƙashin, nan take ta rataya mini. Ban taɓa ɗaukarsa ba, ni ce ta ɗaya a kilas, bulalar mushe ba ta taɓa sauka jikina ba. Har yau ina jin warin igiyar nan, zufar yara ta jiƙa ta ta bushe ba adadi. Na duba dama, na duba hagu, kowa ya ɗinke baki. Mushe ya duba agogo, ya jawo bulala ya ajiye a kan tebur. Na cire ƙashin na ɓoye a bayana, na taka zuwa wurin tulu.

Na ce, "Yaya, ina wuni?"

Hannuwansa suka tashi za su baki, kamar yadda na koya masa. Suka tsaya a hanya. Ya dubi fuskata, ya leƙa hannuna da ke baya, ya dubi bulalar da ke kan tebur. Sai ya sauke hannuwan a hankali ya ce, "Lafiya lau, auta." Ya miƙo wuya.

Wannan shi ne wanda garin nan ya ce bai san komai ba. Ya sani. Ya auna bayana da nasa, ya zaɓa. Ni mai ta ɗaya ce ban san komai ba.

An yi masa biyar ɗinsa, bai yi kuka ba ranar. Ya tashi da ƙashin a wuya ya je ya buga ƙarfen tashi, don aikinsa ne. A hanya bai kama hannuna ba kamar kullum, yana gaba ina baya. Da safe jakar na rataye a ƙusa, shi yana zaune a dakalin ƙofar gida. Inna ta yi lallashi har ta gaji. Baba ya ce, "Dama." Kuma ku ji wannan: a lakwal ɗin nan in yaro ya yi fashin kwana ɗaya, manyan ƴan lakwal huɗu ake aikowa su ɗauko shi cak, hannu da ƙafa. Sidi ba wanda aka aiko. Wani yaro aka miƙa wa guduma.

Shekara arba'in da wani abu ya yi a kan dakalin nan. Da gemunsa ya fito sai gari ya naɗa shi waliyyi. Madugai su zo ya taɓa musu igiyar raƙumi kafin su kama hanyar gishiri. Da ayari ya ja baya, direbobin kamiyo, manyan motoci masu ɗaukar albasar Tabelot, suka gaje su, a kawo masa makulli ya tofa. Mata su kawo jarirai ya shafa musu kai, waɗansunsu matan da suka rataya masa ƙashi ne da hannunsu. A ba shi dabino, a ba shi shayi, a ce na Allah ne. Cikin dubun da suka ci albarkarsa ba a samu mutum ɗaya da ya zauna ya nuna masa harafi na biyu ba. Ni ma ban zauna ba, don ba na iya daɗewa kusa da shi. Kowace safiya in na ce, "Yaya, ina kwana?" sai ya ce, "Lafiya lau, auta," ya miƙo wuya. Ba da fushi ba, ba da gori ba, abin ne ya shiga kansa, kuma na faɗa muku in abu ya shiga ya shiga. Na yi aure, na haihu, na yi furfura, yana miƙo mini wuya. Ranar da ya rasu lungunmu bai ɗauki jama'a ba, kowa na faɗin an yi rashin waliyyi. Ni na san wanda aka rasa, mai buga ƙarfe ne da aka bari a bakin ƙofa.

Yanzu wai an waye. Ba sambol, bulala ma a ɓoye ake yi, kowa da salula a hannu yana kallon duniya. Da uba ke ɓoye yaro kada a kai shi lakwal, yau uba ke bin layi yana roƙo a rubuta nasa. Amma irin su Sidi har yau wurinsu ɗaya, bakin ƙofa. Da an tura su don ba a jin asararsu, yau ana hana su don kada su tare wa masu amfani wuri. Raƙumi ya koma kat-kat, igiya ta koma apare, dakalin dai shi ne. Wannan ba tausayi ba ne, kada wani ya ruɗe ni. Rowa ce aka shafa wa turare.

Da kat-kat ɗin ta tafi na ce wa Attahir ya zauna. Ya san kawunsa Sidi, a cinyarsa ya yi wasa, amma bai san dalilin miƙo wuyan nan ba, ba wanda ya sani. Na faɗa masa duka, har warin igiya.

Ya ce, "Inna, ba wai ba na son ta yi karatu ba ne. Rannan na je ɗaukarta na tarar yara sun kewaye ta suna sa ta rawa suna dariya, ita ma tana dariya. Ban iya barci ba. A gida aƙalla ana girmama ta."

Na ce, "Girman ya ci ƙaniyarsa. Na ga inda yake kai mutum. Yaran da suka yi mata dariya su za a gyara, ba ita za a kwashe ba."

"To wa zai tsare ta a can?"

"Ni."

Ya ɗaga kai ya ce, "Da wannan gwiwar taki?"

Na ce, "Gwiwar ta taɓa kai ni wurin tulu, za ta iya sake kai ni."

Washegari na sauko da jakar jan fatar nan, igiya kawai na sake mata. Na rataya wa Gaishita, na naɗe tabarmata, muka tafi. Madam direktiris, shugabar lakwal, ta karɓe ni da ladabi, yarinya ce sa'ar Attahir. Ta ce, "Mama, vraiment, da gaske, ba ƙinta muke ba. Kilas ya cika maƙil, kuma ba mu da malamin da ya koyi aikin irinsu." Na ce, "Na ji, ɗiyata, kuma wannan abin kunyar ba naki ba ne ke kaɗai. Amma ni ba malami na zo nema ba, wuri na zo nema, faɗin tabarma. Abin da madam ta faɗa sau biyu ni zan maimaita mata sau hamsin, ba ni da inda za ni." Ta ce sai ta tambayi na sama da ita. Na ce ta tambaya, ina nan zaune har amsa ta zo. Na shimfiɗa tabarmata a bayan kilas.

Sati uku ke nan amsa ba ta zo ba, ni kuma ban tashi ba. Wasu samarin sun sake zuwa da apare, Attahir da kansa ya ce musu baiwar Allah na lakwal. Gaishita ta iya riƙe alli, tana zana da'ira, bakin da'irar bai haɗuwa tukuna, amma zai haɗu ko da shekara biyu ne, kuma duk wanda ya yi dariya ranar zai gamu da ni. In an fita shan iska yara kan taho su ce, "Gaishita, ina kwana?" ta amsa da ƙarfi, da Hausarta, ba mai rataya mata komai. Madam ta ce in riƙa sakin fuska, wai ina ba yaran tsoro, kuma wai yaran kirki ne. Wataƙila haka ne. Ni ma yarinyar kirki ce a lokacin. Shi ya sa duk wanda ya nufo jikata da gaisuwa, ba fuskarsa nake kallo ba, hannunsa na baya nake fara dubawa.